Yadda Ake Zaɓen Rauta Domin Intanet na Gida

Wajibi ne ga duk magidancin da ya ƙudura niyyar shigo da intanet gidansa ya fara da sanin bambancin da ke tsakanin modam da rauta, domin jahiltar wannan bambanci shi ne asalin yawancin asarar da ake tafkawa a wannan sha'ani. Ita modam, musamman 'yar ƙaramar nan da ake cusawa a jikin kwamfuta, aikinta ta karɓo saƙo daga turken kamfanin sadarwa ta miƙa wa na'ura guda, alhali kuwa rautar da ake sa wa sim, wadda ita ma akwai modam a cikinta, tana karɓowa ne ta rarraba wa wayoyi da kwamfutoci da talabijin na dukkan iyali a lokaci ɗaya, kuma da yake eriyarta ta fi girma, ta fi riƙe sabis idan ya yi rauni.

Mataki na farko shi ne bincike, kuma a gida ake yin sa kafin a taka kasuwa. Sai mutum ya aro layukan MTN da Airtel da Glo, ya jarraba kowanne a ɗakin da zai ajiye na'urar, da hantsi da kuma bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a suka yi wa turke yawa, saboda layin da ya yi fice a wata unguwa sau da yawa ba ya taɓuka komai a unguwar da ke maƙwabtaka da ita.

Bayan haka sai zaɓen na'urar kanta. Wadda kamfanin sadarwa ke sayarwa da rahusa galibi a kulle take, ba ta karɓar sim ɗin kowa sai nasa, ita kuwa buɗaɗɗiya, ko da yake ta fi tsada, tana ba mai ita damar sauya layi ranar da na farko ya gaza. Tun shekarar 2022 aka fara 5G a Nijeriya, amma har yanzu bai game ko'ina ba, don haka sayen rautar 5G a inda 4G kaɗai ke isa israfi ne. Abin da ya kamata a duba a bayan na'urar shi ne gurbin ɗaura eriyar waje, da kafofin jona waya zuwa kwamfuta, sa'an nan a tabbata tana watsa waifai a zango biyu, watau 2.4GHz da 5GHz, domin na farko ya fi ratsa bango, na biyu kuwa ya fi sauri amma ba ya nisa.

Sharaɗi na uku wuta ce, wadda kowa ya san halinta a ƙasar nan. Mafi yawan rautoci wutar bolt 12 suke ci, saboda haka ɗan ƙaramin batirin da ake sayarwa dominsu, ko kuwa sola, ya isa ya riƙe su sa'o'i bayan an ɗauke wuta.

Daga nan sai wurin ajiyewa, wanda a nan ne mutane da yawa suke zaluntar na'ura sa'an nan su zargi kamfani. A ɗora ta a sama, kusa da tagar da ke fuskantar turke, nesa da zafin rana da firji da duk wani abin ƙarfe, kada a kulle ta cikin kabad. Idan kuwa gidan mai sassa ne, ga zaure ga ɗakunan cikin gida, ga bangon siminti mai rodi a tsakani, to, a nemi tsakiya, ko a ja waya zuwa rauta ta biyu.

Mataki na ƙarshe shi ne tsaro. Bayan an sa sim ɗin da aka haɗa da lambar NIN, sai a juya na'urar, a karanta adireshin da ke manne a gindinta, wanda kan kasance 192.168.0.1 ko makamancinsa, a shiga shafin saitinta ta waya, a sauya kalmar sirri ta waifai da ta shiga saiti baki ɗaya, a zaɓi kullen WPA2 ko WPA3. A wannan shafin ne kuma magidanci zai riƙa ganin na'urorin da ke shan datarsa, ya cire baƙi, ya kuma kiyaye amanar yaransa. Kafin ya biya kuɗin wata, lalle ya karanta ƙa'idar tsarin da aka ce ba shi da iyaka, domin da yawa daga irin waɗannan tsare-tsare suna rage gudu da zarar an kai wani adadi. Matafiyi shi kaɗai da kwamfutarsa, modam ta wadatar da shi, amma mai iyali rauta ce maslaharsa.