Yadda A Ke Sake Ƙwan Fitilar Birki na A-kori-kura

Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haka direba ya ke da fitilar birki. Idan ta motar da ke gabansa ta mutu, nan da nan zai gani, amma tasa tana bayansa, sai ya yi wata guda yana yawo da matacciya bai sani ba. Ga shi kuwa da ita ce mota ke gaya wa na baya za ta tsaya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ashe in na baya ya makara da daƙiƙa ɗaya tak, ya ci tsawon a-kori-kura uku kafin ƙafarsa ta taɓa birki. Mun kuwa san abin da a kan ɗauka a bayan a-kori-kura: buhuna, da awaki, da mutane.

To, tun ba mu ɗauki sukundireba ba, sai mu fara gane inda ciwon ya ke. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya taka birki, ɗaya ya tsaya baya ya duba. In gefe ɗaya ne ya mutu, galiban ƙwan ne ya ƙone. In kuwa duka suka ɗauke gaba ɗaya, mu tuhumci fis, ko kuwa makunnin nan da ke kusa da matakin birki. In fis ne, sai a sa wani mai lamba daidai da tasa. Ɗaure shi da waya, yadda waɗansu ke yi, neman gobara ne.

In mun tabbata ƙwan ne, sai mu kashe mota, mu ja birkin hannu, mu ɗan dakata ƙwai ya huce. Sa'an nan mu saukar da ƙofar baya ta bodi. A gefenta za mu ga kusoshin da ke riƙe da gidan fitila, yawanci biyu ne. Mu kwance su, mu ajiye a aljihu, gama ƙasa ba ta mayar da ƙaramar kusa. Mu jawo gidan baya a hankali, mu murɗa mazaunin ƙwai hagu ya fito. Ƙwai mai gindin ƙarfe a kan danna shi a murɗa hagu. Mai faffaɗan gindi kuwa zare shi kawai a ke yi.

Yanzu mu ɗaga shi wajen haske. A motoci da yawa za mu ga zare biyu a cikinsa, a gindinsa kuma an rubuta 12V 21/5W. Watau zare ɗaya mai ƙarfin 21 ne, shi ne na birki, ɗayan mai 5 shi ne jar wutar da ke ci duk dare. Da tsohon za mu tafi kanti don mu samo irinsa sak. Mu lura kuma, 'yan haƙoran nan biyu na gindinsa ɗaya ya fi ɗaya tudu, don kada ya shiga a juye. In ya ƙi shiga, a juya shi, kada a tilasta masa. Wanda ya cusa shi a juye, babbar wuta za ta yi ta ci da dare, na baya ba zai san sa'ad da aka taka birki ba.

Kafin mu sa sabo, mu kankare tsatsar mazaunin, domin ita ke tare wuta. In ya zauna, sai a sake taka birki mu gani tun ba mu ɗaure ba. Kusoshin kuma kada a matse su ainun, don in gidan ya tsage ruwa zai shiga, aiki ya koma baya.

Wanda ba shi da abokin dubawa, ya juya bayan motarsa ga bango da magariba, ya taka birki, zai ga jan haske ta madubi. Mu riƙe wannan al'ada ko da mako mako ne, 'yan'uwa, gama fitilar nan amanar wanda ke biye da mu ce. Allah ya kiyashe mu da sharrin ƙarfe, amin.