Kafofin Rufin Kwano da Yadda Ake Toshe Su da Soson Roba

Gabatarwa

Duk wanda ya dubi kwanon rufi zai ga ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tudu da kwari ne a jere. Wani injiniya mai suna Henry Palmer ne ya yi wa wannan fasaha rajista a birnin Landan a shekarar 1829. Hikimar lanƙwasa ƙarfen ita ce ta ba shi ƙarfi, ta yadda falle mara kauri zai iya ɗaukar nauyi bai lotsa ba. Sai dai idan aka ɗora kwanon a kan miƙaƙƙen katako, kwarin ne kawai ke taɓa katakon, kowane tudu kuwa sai ya bar kafa a ƙarƙashinsa. A kwanon da aka fi sani, tsakanin tudu da tudu milimita 76 ne, zurfin kafar kuma kimanin milimita 18. Ke nan bango mai tsawon mita 4 yana ɗauke da kafofi sama da 50.

Abin da ke bi ta kafofin

Ta nan ƙurar hunturu ke shiga, haka ma feshin ruwan sama idan hadari ya zo da iska. Ta nan kuma ƙananan jemagu da ƙadangaru da zanzaro ke samun hanyar shiga silin. Amma baƙon da ya fi haɗari shi ne macen sauron Anopheles gambiae, wadda ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke.

Idan mutane suna barci a ɗaki, numfashinsu yana fitar da iskar kabon dayokzaid, fatarsu kuma tana fitar da wari. Iskar ɗakin da ta ɗumama takan tashi sama da waɗannan abubuwa, ta fice ta tsakanin kan bango da kwano. Macen sauro tana bin wannan wari daga waje tana tashi ƙasa-ƙasa. Da ta iske bango sai ta bi shi zuwa sama, inda bakin kwanon da ya zarce bango zai tare ta, ya karkatar da ita zuwa kafar da warin ke fitowa.

An gwada wannan a aikace a ƙasar Gambiya. A shekarun 2006 da 2007 masu bincike sun yi aiki a gidaje 500 a yankin Farafenni, aka buga sakamakon a mujallar The Lancet a 2009. Gidajen da aka sa wa raga a ƙofofi da tagogi, aka kuma toshe bakin rufinsu, an sami raguwar wannan sauro a cikinsu da kashi 59 cikin ɗari, kuma ƙarancin jini ya ragu a tsakanin yaran da ke kwana a ciki. Ba da soso aka yi toshiyar a can ba, amma darasin ɗaya ne: kafar sama ita ce babbar ƙofar sauro.

Mene ne soson toshiya?

Wani dogon zare ne na roba mai laushi, wanda aka yanka gefensa ɗaya tudu da kwari daidai da siffar kwanon, ɗaya gefen kuma a miƙe. Iri biyu ne. Na ciki ana shimfiɗa shi a kan katakon bakin rufi kafin a ɗora kwano, ya cike ƙarƙashin tudun. Na waje kuwa ana ɗora shi a kan kwanon a can doron rufi, ya cike kwarin, sannan a kifa kwanon da ke rufe doron a kansa. Haka kuma ake amfani da shi a manyan gine-gine, inda ake shimfiɗa faifan ƙarfe a zuba kankare a kai, domin ya hana ruwan siminti tsiyaya ta gefe.

Me zai hana a cusa soson katifa? Amsar tana cikin ƙirar soson. Ƙananan ramukan soson katifa a buɗe suke, suna haɗe da juna, don haka yana shan ruwa ya riƙe, ƙarfen da ke jingine da shi ya yi tsatsa. Shi kuwa soson toshiya, wanda ake yi da robar foliyetilin ko wadda ake kira EPDM, kowane rami nasa a rufe yake da iska a ciki, ruwa ba ya ratsa shi.

Me kuma zai hana a liƙe da siminti? Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, ya koma idan ya huce. Fallen kwano mai tsawon mita 3, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, zai ƙara tsawo da kimanin milimita 1.4, na alminiyom kuwa kusan ninki biyu na haka. Wannan motsi na kowace rana shi ke tsattsaga simintin da aka liƙa a jikin kwano. Soso kuwa yana matsewa ya saki, yana bin ƙarfen duk inda ya motsa.

Ƙa'idojin sa shi

Da farko, dole siffar soson ta yi daidai da ta kwanon, domin kwanuka sun bambanta. Na biyu, a goge ƙura daga wurin kafin a manna shi. Na uku, a kafa ƙusa ko sukuru har soson ya ɗan matsu, amma kada a danne shi ya baje. Na huɗu, a ɓoye shi daga rana, domin haskenta yana busar da roba ta farfashe. Na biyar, soson na ƙananan kafofi ne kawai. Babban gibin da ke tsakanin bango da katako sai an cike shi da bulo ko laka ko raga. Idan kuma akwai jemagu a silin, a jira su fita da magariba kafin a toshe, kuma ba a lokacin da suke da 'ya'ya ba, don kada su mutu a ciki.

Akwai abin lura guda. Ɗakin da aka toshe samansa yakan ƙara zafi, zafi kuwa yana sa mutane su ƙi shiga gidan sauro, ko su koma kwana a tsakar gida. Saboda haka wajibi ne a haɗa toshiya da tagogi masu raga a bangaye biyu da ke fuskantar juna, domin iska ta ratsa. Toshe rufi ƙari ne a kan gidan sauro mai magani, ba ya maye gurbinsa.

Aiki ga ɗalibai

Malami na iya sa ɗalibai su rufe ƙofa da tagogin ajinsu da tsakar rana, su ƙirga wuraren da haske ke shigowa ta sama. Daga nan su auna tsawon bangon, su raba shi da milimita 76, su kwatanta amsar da abin da suka ƙirga. Kowane ɗalibi kuma ya maimaita wannan ƙirga a ɗakin da yake kwana, ya kawo sakamakon aji domin a tattauna.