Siminti Mai Launi a Gindin Dam: Abin Yi da Abin Bari

Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992, bangon ƙasa ne mai tsawon kusan kilomita 8 da tsayin mita 42. Irin wannan bango daga ƙasa ruwa ke cin sa, ta tsagogin dutsen da ya hau kai. Maganinsa shi ne a haƙa ramuka jere, a ɗura kwaɓin siminti mai ruwa-ruwa da famfo har tsagogin su toshe. To, aikin da ido ba ya gani, nan ha'inci ke kwana. Shi ya sa ake sa wa simintin launi. Ga sharuɗɗa ga duk wanda aka damƙa wa irin wannan gyara.

A bai wa kowane zango launinsa. Ramukan farko ja, na tsakaninsu baƙi, na cike gurbi rawaya. In an gama, a sake haƙawa a zaro dutsen a duba. Launin da aka gani cikin tsaga shi zai faɗi wane zango ne ya kai can, inda babu launi kuwa siminti bai je ba, ko da takarda ta ce an zuba buhu ɗari. Kada a biya ɗan kwangila kafin wannan duba. Kada kuma a bar shi ya zaɓi inda za a haƙa.

A yi amfani da garin launi na tsatsar ƙarfe, wanda ke jure kaifin siminti. Kada a ɗebo rinin tufa ko fenti a kasuwa don arha, suna koɗewa, wasu ma su hana siminti kamawa. Launi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin simintin, kuma a gwada kwaɓin a ga ya daskare kafin ya shiga rami.

Kada a matsa famfo don a gama da wuri. Matsi in ya yi yawa yana ɗaga dutse, yana tsaga bangon ƙasar da aka zo ceto. A wanke kowane rami, a auna ruwan da yake sha kafin ɗuri da bayansa, a rubuta nan take.

A ajiye mutum a bayan dam dare da rana. Da ya ga launi ya ɓullo a gona ko a rafi, a tsayar da famfo: siminti na zurarewa, kuma hanyar yoyon ce ta bayyana. Yoyo mai laka ya fi komai hatsari, domin jikin dam ɗin yake kwashewa.

Kada a wanke injin kwaɓi a cikin ruwan dam ɗin. Masunta na ci da shi, kuma kogin Challawa na cikin waɗanda Kano ke sha. A sanar da hakimai da dagatai, daga Ƙaraye har Falgore ta Rogo, tun kafin a fara, don kada ganin ruwa mai launi ya tayar da hankalin jama'a.

Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a Agustan 1988, ruwan dam ɗin Alau kuma ya cinye Maiduguri a Satumban 2024. Don gudun irin haka, ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da Challawa, ta sa sharaɗin zaro dutse a duba cikin kowace kwangilar gyara, kuma ta nuna wa jama'ar yankin sakamakon.