Kare Irin Madobiya ta Hanyar Binciken Ƙwayoyin Halitta

Gabatarwa

Manomi, ka san amfanin madobiya. Ganyenta abincin dabbobi ne a lokacin rani, saiwarta na ƙara wa ƙasa albarka, katakonta kuma yana da ƙarko. Wannan katako ne ya jawo mata sara ba ƙaƙƙautawa, musamman a jihohin Taraba da Adamawa da Kogi, domin sayarwa ƙasar Sin. A shekarar 2017 aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma ƙungiyar IUCN ta lissafa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Illar sare manyan itatuwa

Masu sara sukan zaɓi itatuwa miƙaƙƙu masu kauri, su bar karkatattu. Idan tsiraru suka rage, kuma duk dangin juna ne, 'ya'yansu sukan yi rauni, fari ko cuta guda na iya gamawa da su.

Yadda ake binciken

Ido ba ya iya tantance dangantakar itatuwa. Saboda haka masana kan tsinki ɗanyen ganye, su busar da shi, su fitar da sinadarin gado da ake kira DNA. A cikinsa akwai wasu gurabe da ke maimaita kansu, tsawonsu kuwa ya bambanta daga itace zuwa itace. Su ne alamomin gado. Kowane itace yakan gaji ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A 2020 masana daga Togo da Faransa sun fitar da irin waɗannan alamomi domin madobiya. Da su ake gane dajin da ke da yalwar iri, wanda ya kamata a fara karewa.

Abin da ya kamata ka yi

1. Ka bar manyan itatuwa masu lafiya a gonarka domin iri.
2. Ka tara iri daga itatuwa 25 zuwa 30, ba daga guda ɗaya ba.
3. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai mita 100.
4. Ka gauraya irin daidai-wa-daida kafin ka shuka a wurin renon tsirrai.
5. Idan za ka yi wa dabbobi sassabe, kada ka tsige itacen gaba ɗaya, ka bar rassan da za su yi fure.
6. Ka kare ƙananan tsirrai daga wutar daji da awaki.

Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona ko malamin daji mafi kusa da kai.