Juriyar Ma'aikaciyar Jinya: Daga Ina Take Fitowa?

A unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anacha da Inugu akwai iyalan da 'ya'yansu ke aikin jinya. Jama'a sukan ɗauka cewa juriya hali ce da aka haifi mutum da ita. Gaskiya ita ce, wurin aiki yakan ƙara ta ko ya cinye ta.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gajiyar zuciya mai tsanani tana fitowa ne daga matsin aikin da aka bari ya daɗe. Alamunta uku ne: ƙarewar ƙarfi, janyewar zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo.

Abubuwa huɗu ne suka fi nauyi. Na farko, yawan majinyata a hannun nas ɗaya. Na biyu, aikin dare a jere ba isasshen barci. Na uku, kayan kariya. Sa'ad da Ebola ta shigo Legas a 2014 har ta kai Fatakwal, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, fiye da rabin waɗanda suka kamun kuwa ma'aikatan lafiya ne. Wadda ba ta da safar hannu, da tsoro take taɓa majinyaci. Na huɗu, albashi da mutunci. A ƙarshen Yuli 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta yi yajin aikin gargaɗi, tana neman gyaran alawus da ɗaukar ƙarin ma'aikata.

Nas Bahaushiya a Kudu tana da wani kaya na dabam. A asibiti ita ce tafintar duk wanda ba ya jin Turanci ko Ibo. In ta koma gida, maƙwabta na jiranta da allura da takardar magani. Kowa na ganin buƙatarsa ƙarama ce, amma da yayyafi kogi kan cika.

Gyaran asibiti na hukuma ne, amma iyali ma suna da rabonsu: su tsare mata lokacin barci, su rage mata aikin gida, su saurare ta ba tare da zargi ba. Idan rashin barci da baƙin ciki suka ɗauki makonni, a raka ta wurin likita.

Tambayoyi Domin Tattaunawa
1. Wace alama ce iyali za su fara lura da ita?
2. Ta yaya za a hana maƙwabci damun nas ba tare da ɓata zumunci ba?