Mai Bulala Daban, Mai Sauraro Daban

A makarantunmu da yawa, idan ka tambayi shugaban makaranta wane ne malamin ba da shawara, sai ya nuna maka malamin da ke tsayawa bakin ƙofa da safe yana tare 'yan makara da bulala. Daga nan matsalar take farawa, domin yaron da ka zane ranar Litinin ba zai zo ranar Laraba ya faɗa maka abin da ke cin ransa ba. Ni malamin ba ɗalibai shawara ne a yankin Dingyaɗi, kuma raba waɗannan ayyuka biyu shi ne abu na farko da nake roƙon shugabannin makarantun Boɗinga da Shagari su yi. Ba ya cin ko kwabo.

A takarda aikin ya daɗe. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, CASSON, ta kafu a 1976, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci ba ɗalibai shawara da jagoranci, dokar UBE ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. A 2015 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk da haka gangamin sa yara makaranta yana iya kawo yaro aji, amma ba shi ke zaunar da shi ba. Zaunar da shi aikinmu ne.

Kafin in kira kowane yaro, rajistar aji nake fara dubawa, don fashi yana da tsari. Wanda ke ɓacewa ranar kasuwa kaɗai, talla ce ko dako. Wanda ke ɓacewa da faɗuwar damina ya dawo bayan an kai gero rumbu, gona ce ta riƙe shi. Yarinya 'yar aji shida ko ajin farko na ƙaramar sakandare da ke fashin kwana uku ko huɗu kowane wata, galibi al'ada ce ta fara, babu banɗaki mai rufin asiri, babu kuma wadda za ta faɗa wa. Wannan ba maganar namiji ba ce ko kaɗan, malama take buƙata. An taɓa turo mini wani yaro da dukan malamai suka haɗu a kan cewa daƙiƙi ne. Na sa shi karanta abin da ke kan allo daga kujerarsa ta baya, ya kasa. Na matso da shi gaba, ya karanta tas. Ido ne ke damunsa, kuma ya daɗe yana shan duka a kai.

Idan an zo zama da yaro, ba na zama bayan tebur. Gefe da gefe muke zama, a kan benci ko tabarma, inda ana hango mu amma ba a jin mu. Wasu littattafan da muka karanta, waɗanda aka rubuta a Amurka da Ingila, suna cewa yaron da ke kawar da ido yana ɓoye wani abu. A nan ba haka ba ne. Ɗan da aka yi wa tarbiyya sunkuyar da kai yake yi gaban babba, kuma idan ka ce lallai sai ya dube ka, ka rufe masa baki ke nan.

Tambaya ma tana da hannu. "Don me ba ka zo jiya ba?" tuhuma ce, amsarta kuma ƙarya ce ko shiru. Ni cewa nake yi, "Yarona, ba ni labarin jiya tun daga sallar asuba." A cikin labarin za ka ji cewa sai da ya kai dabbobi kiwo, ko bai karya kumallo ba, ko Inna ce kwance ba lafiya. In ya yi shiru, ka bar shi da shirunsa. Mu malamai mun saba da cika kowane gurbi da magana, shi kuwa yaro a cikin wannan shirun yake auna ko kai abin yarda ne. Idan ya gama, ka maimaita masa abin da ka ji da kalmominsa, ya tabbatar ko ya gyara. Nasiha tana da lokacinta, amma ba a zaman farko ba. Ƙananan 'yan firamare kuwa takarda da fensir nake ba su, in ce su zana mini gidansu da mutanen ciki, sannan in tambayi wane ne wannan, ina wane yake. Ba na fassara zanen da kaina, bakin yaron nake nema. Wannan dabara tana amfani sosai ga yaran da rashin tsaro ya taso da iyayensu daga wurare irin su Isa da Sabon Birni, waɗanda ƙarar buga ƙofa kaɗai ke razana su.

Jarin aikin gaba ɗaya amana ce. Maganar da yaro ya faɗa maka da safe, idan ta zama hira a ofishin malamai da rana, to ba shi kaɗai ka rasa ba, ajin duka ka rasa. Sai dai tun farko nakan gaya wa yaro iyakar sirrin: in akwai mai cin zarafinsa, ko yana shan wani abu, ko yana tunanin cutar da kansa, dole in nemo wanda zai taimaka, kuma da saninsa zan yi. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma tiramol da sholisho ba su bar hannun matasa ba. Irin wannan ya fi ƙarfin malami. Akwai hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, akwai asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware, kuma kai yaro can da wuri ba abin kunya ba ne.

Iyaye kuwa ba na aika musu takardar kira kamar sammaci. Nakan je da kaina bayan la'asar, wani lokaci tare da mai unguwa, liman ko ɗan kwamitin kula da makaranta, in ce, "Baba, na zo neman shawararka ne a kan ɗanmu." Uban da ke buƙatar hannu a gona ba maƙiyin ilimi ba ne, kuma sau da yawa mukan daidaita a kan yaro ya zo da safe, ya bi shi gona da yamma. In maganar 'ya mace ce, tarihin ƙasar nan yana taimaka mini. Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, a Boɗinga take. 'Yarsa Nana Asma'u ita ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka su koyar da mata. Ban taɓa ganin dattijon da ya musa wannan ba.

Saura 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Kowane uba likita yake so, amma ajin kimiyya ba na kowa ba ne. A duba sakamakon yaro na shekara uku, a tambaye shi, a nuna masa cewa makarantar koyon sana'a hanya ce, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ma hanya ce. Shi kansa Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Shugabannin makarantu, a wannan zango ku ware malami ɗaya da malama ɗaya da yara ke sake jiki da su, ku karɓe bulala daga hannunsu, ku ba su darasi ɗaya a mako da wurin zama ko da gindin darbejiya ne. Ku kuma iyaye, ranar taron iyaye da malamai mai zuwa, ku tambayi wane ne mai sauraron 'ya'yanku a makarantar, ku nemi a nuna muku shi.