Sarrafa Harshe a Wurin Aiki: Maganar Baka da Saƙon Imel

Gabatarwa

Bahaushe bai saba faɗa wa babba buƙatarsa kai tsaye ba. Wanda ya je gaban hakimi a Roni ko Gwiwa, sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya tambayi gajiya da iyali, sa'annan ya jira a ce masa, "Me ke tafe da kai?" Wannan ladabi ne, kuma yana da amfani, domin a cikin gaisuwar ne mai magana yake karantar fuskar wanda ya zo wurinsa, ya gane ko yau ranar kawo kuka ce ko a'a. Matsalar da wannan darasi zai duba ita ce yadda ɗalibi zai riƙe wannan ladabi a wurin aiki, inda lokaci ya yi ƙaranci, musamman a rubutaccen saƙo, inda babu fuskar da za a karanta.

Maganar baka

A ofis ana taƙaita gaisuwa, amma ba a yar da ita. Malamin da ya shiga wurin shugaban makaranta zai yi sallama, ya ce "Ranka ya daɗe" ko "Ranki ya daɗe", ya gaisa sau ɗaya, sai ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi. Idan malamin addini ne, "Allah ya gafarta Malam" ya fi dacewa. Kuskuren da ya fi yawa ga sababbin ma'aikata shi ne kewaye-kewaye, har shugaba ya tashi zuwa taro ba a kai ga maganar ba. Akwai kuma amsa "to" saboda kunya, alhali ba a fahimci umurnin ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: a maimaita umurnin da baki, alal misali, "Wato ranar Litinin zan kawo sakamakon aji uku?"

Saƙon imel

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, hanyoyin sadarwa suka sauya. Kazaure tana cikin garuruwan Arewa da suka fara cin moriyar wannan sauyi, domin a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki (1999 zuwa 2007) aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a garin, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. Sai dai iya taɓa kwamfuta daban, iya rubuta saƙo daban.

Ɗauki ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa wata makaranta a Gwiwa, alhali mahaifiyarsa tana kwance a Roni, yana son a sauya masa wuri. Ya bar gurbin kan magana fayau, ya cika layi shida da gaisuwa da addu'a, sa'annan a can ƙasa ya ce yana da "wata 'yar matsala". Jami'in da saƙonni suka yi wa yawa ba zai kai layi na bakwai ba, kuma ranar rufe sauye-sauye za ta wuce. Da ya rubuta "Neman sauyin wurin gwajin koyarwa daga Gwiwa zuwa Roni" a matsayin kan magana, da tun kafin a buɗe saƙon an san inda ya dosa. Bayan sallama da gaisuwar jimla ɗaya, sai cikakken suna, lambar ɗalibi, buƙata, dalili, da ranar da ake fatan samun amsa. Idan akwai takardar asibiti, a maƙala ta, a kuma ambata cewa an maƙala.

Sanin wanda za a rubuta wa ma wani ilimi ne. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna ƙarƙashin Masarautar Kazaure, amma Babura, duk da maƙwabtaka, tana ƙarƙashin Masarautar Ringim. Wanda ya aika takardar gayyata ba tare da sanin haka ba, ya yi aikin banza. Haka nan maganar makarantar firamare ta kan bi ta hannun shugaban makaranta kafin ta kai ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Imel ya sauƙaƙa tsallake na kusa a kai ƙara sama, amma sauƙin bai mayar da shi daidai ba.

Wajibi ne ɗalibin Hausa ya kula da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda masu rubutu a waya suke yawan watsarwa. "Baki" ba "baƙi" ba ne, "kafa" ba "ƙafa" ba ce. Wanda ya rubuta "an kasa yara" yana iya nufin rarraba su, amma "kara" da "ƙara" a maganar albashi ba sa karɓar irin wannan sakaci. Manhajojin rubutu na waya, irin su Gboard, suna da tsarin Hausa mai ɗauke da waɗannan haruffa, saboda haka uzurin ya ragu. Taƙaita kalmomi irin na hira da abokai, kamar rubuta "slm" a madadin sallama, ba shi da gurbi a saƙon aiki.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wannan ya fi tabbata a imel, domin kalmar da aka furta cikin fushi ana iya bin ta da ban haƙuri nan take, amma rubutacciya tana nan ajiye, ana iya tura ta ga wanda ba a nufa ba, ko a buga ta a sa cikin fayil ɗin ma'aikaci. A ganina, saƙon da aka rubuta rai a ɓace ya kamata ya kwana kafin a aika shi.

Jinga

Rubuta saƙon imel da bai wuce jimla takwas ba zuwa ga shugaban wata makaranta a Babura, kana neman izinin kwana biyu. Daga nan ka faɗi buƙatar da baki a gaban aji, abokan karatunka su nuna abin da ka ƙara da abin da ka rage.